Yadda Ake Feɗe Waƙar Sikots: Amsa-amo, Kari da Maimaici a Waƙar Ɓeran Robert Burns

A watan Nuwamba na 1785 wani manomi ɗan shekara 26 yana huɗa a gonar Mossgiel, kusa da garin Mauchline a yankin Ayrshire na ƙasar Sikotland, sai bakin garmarsa ya tone gidan ɓera. Haka kan waƙar ya faɗa. Manomin shi ne Robert Burns, waƙar kuwa ita ce "To a Mouse", wadda ta fito a littafinsa na farko da aka buga a garin Kilmarnock a 1786, kwafi 612. Baiti takwas ce, kowane baiti ɗango shida, jimilla ɗango 48. Da ita za mu yi aiki tun daga farko har ƙarshe, domin ba a koyon fiɗa sai da dabba a gaba. Abin da ka koya a kanta zai yi maka aiki a kan kowace waƙa da aka rubuta da harshenta, wato Sikots.

A kan waƙar ɓeran mace ce, amma zan bi bakin Hausa in riƙa cewa "shi".

Mataki na farko: tsayar da matani ɗaya

Kafin komai, zaɓi bugu ɗaya na waƙar ka tsaya a kansa. Wani bugun ya rubuta sleekit da cowrin a ɗangon farko, wani ya rubuta sleeket da cowran. Alamomin rubutu ma sun sha bamban. In kana tsalle daga wannan shafi na intanet zuwa wancan, lissafinka zai rikice ba ka sani ba. Kwafe waƙar da hannunka a takarda, ka bar fili tsakanin ɗango da ɗango, ka sa wa kowanne lamba. Kwafewa da hannu tana da wani amfani: hannu yakan tsaya a inda ido ya wuce, kamar 'yar alamar da ke cikin tim'rous.

Mataki na biyu: san abin da ake faɗa

Sikots, wanda masu shi ke rubutawa Scots, ɗan'uwan Ingilishi ne, tushensu ɗaya. Kada ka haɗa shi da Gelik, harshen mutanen tsaunuka da tsibiran arewa maso yamma, wanda dangi ne daban. Ana ta muhawara ko Sikots harshe ne mai zaman kansa ko karin harshe, amma wannan ba zai hana ka aikinka ba. Abin da zai hana ka shi ne zaton cewa tunda ka iya Turanci ka iya shi.

Kalmomin da ba ka taɓa gani ba ba su da haɗari, domin dole ka buɗe ƙamus. Cranreuch raɓa ce da sanyi ya daskarar. Thole shi ne jurewa. Pattle wani ɗan ƙaramin shebur ne da mai huɗa ke kankare laka daga bakin garma da shi. Akwai babban ƙamus kyauta a intanet mai suna Dictionaries of the Scots Language, kuma Burns da kansa ya sa jerin ma'anoni a ƙarshen littafinsa na 1786. Masu haɗarin su ne waɗanda suka zo da fuskar Turanci. A baiti na huɗu big ba girma ba ne, ginawa ne: ɓera ba shi da abin da zai gina sabon gida da shi. Silly a nan na nufin marar ƙwari, ba wawa ba. A baiti na shida But house or hald na nufin "ba gida ba mafaka", wato but ɗin "babu" ne. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan sai ka rubuta abin da kowane baiti ya ce a jimla ɗaya ta Hausa. Baiti na uku, misali: na san wani lokaci kana sata, to sai me, ai dole ka rayu, zangarniya ɗaya nan da can cikin dami ashirin da huɗu ba wani abu ba ne. Thrave ke nan, dami 24. Manomin ya yi wa ɓera uzuri fiye ma da Bahaushen da ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Mataki na uku: saurara

Mun saba cewa gani ya kori ji. A waƙar Sikots ji ne ke korar gani, kuma a nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Mawaƙan ƙarni na 18 sukan rubuta kalma da ƙa'idar rubutun Ingilishi alhali a bakinsu furucin Sikots ne. An rubuta house, ana faɗin "hus". An rubuta out, ana faɗin "ut". Mousie "musi" ne, housie "husi", doubt "dut". Ch da ke ƙarshen cranreuch da Och sautin maƙogwaro ne irin na ha mai ɗigo a Larabci, wanda duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Wannan sautin ne kuma Basikote ke sa wa thought da nought. Harafin r a kaɗe yake, ba a haɗiye shi yadda mutanen kudancin Ingila ke yi.

Nemi karatun waƙar daga bakin 'yan ƙasar. Akwai su da yawa a YouTube, musamman waɗanda ake ɗauka a bikin daren Burns na ranar 25 ga Janairu, ranar haihuwarsa a 1759. Saurari mutum biyu ko uku, kada ka tsaya kan ɗaya, domin bakin Ayrshire daban ne da na Aberdeen, kamar yadda na Sakkwato ya bambanta da na Kano. Sai kai ma ka karanta da ƙarfi. In kana jin kunya rufe ƙofa, amma ka karanta.

Mataki na huɗu: amsa-amo

Ga baitin farko:

Wee, sleekit, cowrin, tim'rous beastie,
O, what a panic's in thy breastie!
Thou need na start awa sae hasty,
Wi' bickering brattle!
I wad be laith to rin an' chase thee,
Wi' murd'ring pattle!

Ma'anarsa a taƙaice: kai 'yar mitsitsiyar halitta mai santsin gashi, mai raɓewa don tsoro, wane irin firgici ne a ɗan ƙirjinka! Ba sai ka zabura da gudu haka ba, ni ba zan so in bi ka da makamin kisa ba.

Sa wa ƙarshen kowane ɗango harafi. Sautin farko A, duk wanda ya amsa shi A, sabon sauti B. Za ka samu A, A, A, B, A, B. Bi sauran baitoci bakwai, zubin bai canja ba ko sau ɗaya. Lura kuma cewa kowane baiti da nasa sabbin sautukan. Babu babban amsa-amon da ya ratsa waƙar daga farko zuwa ƙarshe yadda muka saba a 'yar ƙwar biyar, inda ɗangon ƙarshe na kowane baiti ke komawa kan gaɓa guda.

Akwai bambanci na biyu wanda ya fi wannan muhimmanci. A rubutacciyar waƙar Hausa galibi gaɓar ƙarshe ta isa: in ɗango ya ƙare da "na" ɗan'uwansa ma ya ƙare da "na", amsa-amo ya samu. A Sikots da Ingilishi ana fara awo ne daga wasalin ƙarshe da murya ta danna, har zuwa ƙarshen ɗangon. Saboda haka a brattle da pattle ba "tle" kaɗai ake dubawa ba, daga "a" ake farawa. Duba baiti na biyu: dominion, union, opinion, companion. Kunnen Bahaushe zai ce wannan cikakken amsa-amo ne, tunda duka sun ƙare iri ɗaya. Kunnen Basikote zai ji dominion da opinion sun dace sarai, amma union da companion sun ɗan kauce, domin wasulansu masu danni daban ne. Rabin amsa-amo ke nan. Sai ka ware alama biyu a takardarka, ɗaya ta cikakke, ɗaya ta rabi.

Yanzu koma kan beastie da breastie. Ranar da na fara zama da waƙar nan na sa musu alamar rabi, ina ganin na kama mawaƙi da sakaci, don a Turancin da aka koya mini breast "brest" ne. Ashe ni ne ban ji ba. A Sikots "brist" ake cewa, sai ya faɗa kan beast daidai wa daida. Haka live a baiti na uku: Basikote kan ja wasalin ya ce "liiv", sai ya amsa thieve. Haka trouble a baiti na shida, wadda a bakin wasu 'yan ƙasar kan fito kamar "tribl", ta shiga sahun stibble, nibble da dribble. Ƙa'idar ita ce kada ka yanke hukuncin cewa amsa-amo ya karye sai ka gwada shi da furucin Sikots.

Bayan ka gwada, wasu za su ci gaba da kaucewa. A baitin farko beastie da breastie suna gefe guda, hasty da chase thee suna ɗaya gefen. A na uku thieve da live suna nan, thrave da lave suna can. Sau biyu an haɗa wasalin "i" da na "e", kuma a wasu yankunan Sikotland ana furta kalmomi irin su beast da wasalin da ya kusanci na hasty. Ke nan tazarar ta fi ƙanƙanta a kunnen wasu masu sauraro fiye da yadda takarda ta nuna. A rubutunka faɗi haka kawai, kada ka yi rantsuwa kan yadda Burns ya furta, tunda ba wanda ya naɗi muryarsa.

Dubi kuma wasan da ya yi da chase thee: kalma biyu ya haɗa suka amsa kalma ɗaya. Ya sake yi a baiti na huɗu, inda new ane, da ake faɗa kamar "niyu yin", ta amsa ruin da strewin. Irin wannan amsa-amo na barkwanci ne, yana sa mai sauraro murmushi. Zubin baitin kansa ma tarihinsa na barkwanci ne. Sunansa Standard Habbie, daga wata waƙar makoki da Robert Sempill ya yi wajen 1640 ga Habbie Simpson, mai bushe-bushen garin Kilbarchan. Mawaƙi Allan Ramsay ne ya raɗa masa sunan, mawaƙi Robert Fergusson ya yi ta amfani da shi, Burns ya gāda daga gare su har yau ana kiran sa baitin Burns. An saba zuba makokin wasa da zambo a cikinsa. Don haka mai sauraro na 1786 da ya ji baitin farko, ga ɓera ga wannan zubi, ya gyara zama ne don ya yi dariya.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne wanda na fi so. Raba amsa-amon gida biyu: wanda ya ƙare kan gaɓa mai danni, kamar green da keen, da wanda ya bar wata gaɓa sakayau tana reto a baya, kamar nibble da dribble. Bi baitocin ɗaya bayan ɗaya. Na farko da na biyu duk masu reto ne. Na uku duk tsayayyu. Na huɗu dogayen ɗangogi na reto, gajerun tsayayyu. Na biyar tsayayyu. Na shida kamar na huɗu. Na bakwai da na takwas babu reto ko ɗaya. Waƙar ta fara da rawar jiki irin ta ɓera, tana tafe tana daskarewa, ta ƙare kan me, thee, e'e, see, kalmomi masu gaɓa ɗaya-ɗaya. Wannan abu ne da za ka iya nunawa da yatsa, kuma ya fi "waƙar tana da daɗin sauti" sau dubu.

Mataki na biyar: kari

A nan sai ka ajiye sandar awon da ka saba da ita. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar arulin Larabci, yana auna nauyin gaɓa ne: mai nauyi irin "kai" ko "kan", da marar nauyi irin "ka". Sikots ba ya auna wannan. Abin da yake ƙirgawa shi ne danni, wato gaɓar da murya ke bugawa da ƙarfi. In ka shiga da ma'aunin Hausa za ka fito da lissafin da ba na waƙar ba.

Ɗauki ɗango mai sauƙi tukuna, na ƙarshen waƙar: I guess an' fear. Buga tebur yayin da kake faɗa. Bugu biyu za ka ji, kan guess da kan fear: ta-TAM ta-TAM. Wannan ƙafa, sakayau sannan mai danni, ita ce littattafan Turawa ke kira iamb. Sai ka ɗauki dogo: The present only toucheth thee. Bugu huɗu: ta-TAM ta-TAM ta-TAM ta-TAM. To ka sami ƙashin bayan baitin. Ɗango na 1, 2, 3 da 5 ƙafa huɗu-huɗu, na 4 da 6 ƙafa biyu-biyu. Wato gajerun su ne masu amsa-amon B. Rubuta gaɓoɓi masu danni da manyan baƙaƙe a kwafinka, ɗango bayan ɗango. Aiki ne mai cin rai, amma ba shi da gajeriyar hanya.

Gajeren ɗangon nan shi ne sirrin zubin. Uku dogaye sun ɗauko numfashi, sai a tsinke da bugu biyu. A sake ɗauka sau ɗaya, a sake tsinkewa. Duba abin da mawaƙin ke ajiyewa a gurbin: An' fellow-mortal, Baith snell an' keen, Out thro' thy cell, Gang aft agley. Nan ake sauke hukunci. In lokacinka kaɗan ne, karanta gajerun ɗangogin 16 su kaɗai a jere, za ka ga kusan duk labarin yana cikinsu.

Alamar ɗaurin nan da ke cikin tim'rous da murd'ring tana gaya maka an haɗiye gaɓa don kari ya daidaita. Yanzu kwatanta gajerun ɗangogin baitin farko. Wi' murd'ring pattle gaɓa biyar ne. Wi' bickering brattle shida ne in ba ka haɗiye komai ba. Gaɓar da ta yi rara ta faɗo daidai inda ake siffanta sassarfar ɓera, harshenka ma sai ya yi sassarfa. Amma fa wannan hujja ta dogara ga bugun littafin da ke hannunka da kuma bakin mai karatu, shi ya sa na ce ka tsayar da matani ɗaya.

Da zarar ka san ƙa'ida, nemi inda aka taka ta. Kalmar farko ta waƙar, Wee, tana gurbin gaɓa sakayau, amma ba mai iya faɗinta sakayau. Ga waƙafi a bayanta, ga dogon wasali. Sai danni biyu suka yi karo, WEE, SLEEK, ɗangon ya fara a hankali kamar mutum ya durƙusa yana lallashin abin da ya tsorata. A baiti na biyar kuwa ba a taka ƙa'idar ba, tsinke ta aka yi: Till crash! the cruel coulter past. Bugun na nan daram guda huɗu, amma alamar motsin rai ta datse ɗangon bayan gaɓa biyu kacal. Coulter ita ce wuƙar ƙarfen da ke gaban bakin garma tana yanka ƙasa, kuma ɗangon ya gangara cikin na gaba ba tsayawa, Out thro' thy cell, yadda wuƙar ta ratsa gidan ta wuce.

Wata gangarar ta fi wannan ban mamaki. A baiti na uku an rubuta A daimen-icker in a thrave, sai ɗango na gaba ya fara da 'S a sma' request. Wannan 'S guntun is ne, kuma ba ya faɗuwa sai an manna shi ga thrave na sama. Dole bakinka ya ɗinke ɗangogin biyu. Maganar baka ce tsagwaronta aka zuba cikin kari.

Sai shahararren ɗangon waƙar: The best laid schemes o' Mice an' Men. Best, laid, schemes, uku a jere duk masu nauyin faɗa, kamar ana jera tubali. Sannan Gang aft agley, "sau da yawa sukan karkace", ya rushe ginin da bugu biyu. Koma ga alamominka na amsa-amo a wannan baiti: lane, vain, Men, pain. Wadda ta kauce ita ce Men. Agley da joy ma ba su zauna daidai a kunnen yau ba, ko da yake mawaƙan Ingilishi na wancan ƙarni kan haɗa join da divine, don haka mai yiwuwa sun fi kusa a da. Ko da gangan ne ko dace, baitin da ke maganar karkacewar shiri shi ne amsa-amonsa ya karkace, kuma kan kalmar "mutane". Kana da damar faɗin haka, muddin ka faɗe shi a matsayin abin da kunne ke ji.

Wani gargaɗi a gefe. Bahaushe na jin wannan ɗango zai ce ai "kana naka Allah na nasa" ne. Sun yi kusa, amma karin maganarmu tana da mai tsarawa a sama, tana kwantar da rai. Ɗangon Burns bai ambaci kowa ba, ya ce shiri kan karkace ya bar mu da baƙin ciki kawai. In ka fassara shi da karin maganar ka sa masa tawakkalin da babu shi a ciki.

Mataki na shida: maimaici

Waƙar ba ta da amshi, ba ɗangon da aka sake ɗungurungum. Saboda haka sai ka yi farauta. Ɗauki biro kala uku: ɗaya na sautuka, ɗaya na kalmomi, ɗaya na ginin jimla.

Sautuka su ne masu sauƙi, kuma su ne aka fi ɓata takarda a kansu. Bickering brattle, weary Winter, beneath the blast, crash, cruel, coulter, cranreuch cauld, Mice an' Men. Jero su ba nazari ba ne. Zaɓi ɗaya ko biyu da za ka iya kare su. Ni zan zaɓi sautin "k": ya zo sau uku a ɗangon garma, ya dawo sau biyu a ƙarshen baiti na gaba kan sanyi, sai ƙarfe da hunturu suka zama abu guda a kunne. Mice an' Men kuwa "m" ɗin ne ya ɗaure ɓera da mutum da igiya ɗaya.

Kalmomi sun fi riba. Wee ta zo sau uku: kan ɓera, kan gidansa, kan ɗan tarin ganye da kututturen hatsin da gidan ya koma. Ɗafin ƙanƙantarwa na -ie, wanda ke aikin "ɗan" da "'yar" a Hausa, yana kan beastie, breastie, housie, Mousie. Yi hattara, cozie da monie sun ƙare iri ɗaya amma ba ƙanƙantarwa ba ne. Bayan Mousie a farkon baiti na bakwai ɗafin bai sake fitowa ba. Wasa ya ƙare.

Poor ta zo sau biyu, kuma wa aka fara kira da ita? Mawaƙin. A baiti na biyu ya ce shi ne thy poor, earth-born companion, sai a na uku ya ce poor beastie. Tun kafin ya furta cewa halinsu ɗaya, ya riga ya raba musu kalma guda. Bi wakilan suna ma. Thou, thee, thy sun cika waƙar. Us ta zo sau ɗaya tak, a baiti na bakwai. Baiti na takwas ya sake raba su: me, thee, sannan I har sau uku.

Ginin jimla: An' ta buɗe ɗango goma cikin 48, huɗu daga ciki a baiti na huɗu da na biyar, inda ake tara wa ɓera masifa kan masifa, ga iska, ga rashin ciyawa, ga Disamba na tafe. But ta buɗe ɗango uku, a baiti na shida, na bakwai da na takwas. Wanda bai yi mataki na biyu ba zai rubuta cewa an maimaita "amma" sau uku. Na farkon "babu" ne. Biyun ƙarshe ne ke juya akalar waƙar, ɗaya daga ɓera zuwa kowa, ɗaya daga kowa zuwa mawaƙin shi kaɗai.

Akwai kuma maimaicin da ba na kalma ba, na ma'ana. Tim'rous, panic, start, startle duk na ɓera ne, duk a baitoci biyun farko. Daga nan tsoro ya ɓace daga waƙar, bai dawo ba sai a kalmar ƙarshe, fear, kuma a bakin mutum.

Kafin ka rufe wannan mataki ƙirga kalmomin Sikots a kowane baiti. Na farko cike yake da su. Na biyu kusan Ingilishin littafi ne zalla, da manyan kalmomi irin su dominion. Manomi ya miƙe daga durƙuso ya yi maganar masu ilimi, sannan ya koma bakin gida a baiti na uku. Wasu na ganin union ɗin nan na harbin haɗewar Sikotland da Ingila ta 1707. Ni ban ga abin da ke riƙe da wannan fassara a cikin waƙar ba, kuma ba zan gina sakin layi a kanta ba.

Mataki na bakwai: rubutawa

Yanzu takardarka ta cika da alamomi, kuma kashi uku cikin huɗu ba za su shiga rubutunka ba. Kowace alama ka tambaye ta: to, sai me? Wadda ba ta da amsa ka bar ta. Kada ka tsara rubutun da sakin layin amsa-amo, na kari, na maimaici, kowanne a ɗakinsa. Zaɓi magana ɗaya game da waƙar, ka kira ukun su ba da shaida tare. Tarihin mawaƙi kuma a sa shi kamar gishiri. Ya isa a ce mahaifinsa ya rasu a 1784 bayan doguwar shari'a da mai gonar da suke haya, kuma shi da ƙanensa Gilbert haya suke a Mossgiel, gonar da ba ta yi musu albarka ba. Ɗan haya ne ke magana da wanda aka rushe wa gida.

Ga yadda sakin layi ɗaya zai iya kasancewa, kan baitin ƙarshe. Baitin ya buɗe da juyin ƙafa, STILL, thou art BLEST, danni ya riga zuwa, alamar murya ta sauya. Amsa-amonsa duka cikakku ne kuma tsayayyu, babu reton da ya buɗe waƙar, babu ɗafin -ie. Backward a ɗango na uku da forward a na biyar suna fuskantar juna, kowanne da gajeren ɗangonsa a baya, drear na abin da ya wuce, fear na abin da ke tafe. Ɓera yanzu kaɗai ke taɓa shi, kuma an ba shi ɗango ɗaya lafiyayye mai bugu huɗu ba tangarɗa. Mutumin kuwa nasa ɗangon Och! ta datse shi bayan gaɓa biyu, daidai gurbin da crash! ta datse na garma a baiti na biyar.